Sawun Gizago a Fika

Da an gama kaka, an kai gero da dawa rumbu, hunturu ya fara fasa leɓe, sai garin Fika ya sake murya. Fartanya ta koma rataye, gizago ya sauko. Wanda ya yi ƙuruciyarsa a can cikin shekarun 1960 ba sai an kwatanta masa ba: wani busasshen sauti ne, ƙaf, ƙaf, ƙaf, ba gaggawa, yana tasowa daga gindin tsamiya tun rana ba ta yi zafi ba, ya tsallake katanga ya ratsa zana, har ya iske ka a bakin murhu kana jin ɗumi da ƙwaryar kunu a hannu. Gatari amonsa mai nauyi ne, yana hutawa tsakanin sara da sara. Gizago kuwa bakinsa ba ya shiru. Iyayenmu mata, ko leƙawa ba su yi ba, sukan ce, "Yau turmi ake yi," ko kuwa, "A'a, wannan kujera ce."

Garin ne ma shiru gare shi, shi ya sa sauti ke tafiya da nisa. Tun 1924 aka mayar da fadar Moi, sarkin Fika, zuwa Potiskum, kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, can motoci da fatake da ofisoshin En'e suka tattara. Aka bar Fika da dabinonta, da tsofaffin soraye, da dattawa masu ba da labarin yadda kakanni suka sauko daga dutsen Daniski a 1805, suna faɗi tamkar da su aka sauko. Idan mota ta shigo gari, yara har daga makarantar allo sukan sulale su je kallo, a sha bulala daga baya, ba a yi asara ba.

Masassaƙin unguwarmu gajere ne mai faɗin kafaɗa, kowa Baba yake ce masa, har sa'o'insa. Da damina manomi ne irin kowa, sassaƙa aikin rani ce. Bolanci yake yi da mu, Hausa da baƙi, sai ɗan Fulatanci na ciniki saboda matan rugage masu zuwa neman akushi da muciya. Babban yatsan ƙafarsa na hagu ba shi da farce, gizago ya ɗauke tun yana saurayi, domin da ƙafa ake danne itace a sare shi ana fuskantar kai. Idan yaro ya cika matsowa, Baba ba ya tsawa. Sai ya ɗaga ƙafar ya motsa yatsan nan a gabanka. Da kanka za ka ja baya.

Kayan aikinsa duka taiki ɗaya ke ɗauke su. Gatari, gizago babba da ƙarami, wani mai lanƙwasasshen baki da doguwar ƙota na rarake cikin turmi, wuƙa, da dutsen wasi da ya lotsa a tsakiya don tsufa. Ba zarto, ba ƙusa, ba abin awo sai kamu da taƙi. Ruwan gizagon daga maƙera yake fitowa, galibi tsohon sifirin mota ne aka sare aka buge. Tsakaninsa da maƙeri kuwa kuɗi ba su cika shiga ba. Maƙeri yana bukatar ƙota ga duk fartanyar da ya ƙera, yana kuma bukatar gawayin ƙirya, wanda shi ne ke riƙe wuta ya narkar da taurin ƙarfe. Baba yana da ƙota, yana da guntayen ƙirya tuli. Kowa ya ba ɗan'uwansa, sai dai ƙorafi da ba ya ƙarewa: wannan ya ce ƙarfen ya yi laushi, wancan ya ce ƙotar ta karkace. Haka suka tsufa tare.

Ƙamshin wurin nan ne har yau nake nema ban samu ba. Kowane ice da warinsa, kuma da hanci muke sanin abin da ke ƙasa kafin mu ƙaraso. Ƙirya, uwar turmi da taɓarya, ja ce a ciki har ta yi duhu, nauyi gare ta, gara ba ta iya mata, tana dakushe gizago ta sa Baba yawan komawa kan dutse. Maɗaci idan an sare shi ɗanye, ɗacin har a maƙogwaro kake jinsa, kuma ɓawonsa ba ya kwana a ƙasa, tsofaffi sun kwashe sun jiƙa don ciwon ciki da shawara. Ɗanya mai laushi ce, ita ake wa akushi. Marke na ƙota ne. Aduwa rawaya-rawaya, mai santsin nama, ta allo ce. Dashi kuwa, wanda ake kafawa shinge, ba shi da nauyi ko kaɗan, yana da wani ɗan ƙamshi na ƙaro mai kama hannu, kuma a wurinmu yara ya fi duk sauran daraja, zan zo ga dalili. Kuka kaɗai ce ba ruwan masassaƙi da ita. Duk girman nan nata, cikinta ɓawo ne da ruwa, ko muciya ba ta bayarwa. Tsamiya kuma ana jin nauyinta, an ce da masu ita.

Neman ice kuwa, sai Baba ya yi kwana biyu ko uku a daji shi da 'ya'yansa da jaki. Ba ya son ɗanyen ice mai ganye. Wanda ya mutu a tsaye yake nema, ya bushe a hankali da kansa, shi ne ba ya tsagewa. Akwai kuma malamin daji, da kakinsa da kekensa, wanda sai da takardarsa ake kayar da wasu itatuwan, don haka ba a shiga daji a yi ta sara gaba-gaɗi. A can ake gundule kututturen, a fitar da wuya da gindi, a ɗan rarake cikin don a rage wa jaki wahala. Su dawo da yamma, turmi biyu a mangala, ɗaya kowane gefe, jakin yana tafe yana harare-harare.

A gindin tsamiya ake ainihin aikin. Mu zauna a kan tarin ɓarɓashi mu yi ta kallo. Ba ya zana komai a jikin icen. Ya juya shi da ƙafa, ya dube shi ta nan, ya dube shi ta can, ya tauna goro, sannan ya fara. Kowane sara yana ɗauke ɓallin ice mai faɗin tafin hannun yaro, ya bar wani fili shimfiɗaɗɗe mai ƙyalli, na gaba ya zo ya kwanta a gefensa, da ɗan kaifi a tsakaninsu. Kun ga yadda kabewa take idan uwar gida mai wuƙa da kaifi ta fere ta? To haka jikin turmin yake fitowa, fuska-fuska, daga nesa zagayayye, in ka shafa kuwa ka ji ko'ina da kusurwa. A nan yake barinsa. Ba ya bin sa da yashi, ba ya kankarewa.

Wani yayana da ya fara makarantar boko a Potiskum, ya ga teburan da kafinta ya goge sumul, ya dawo hutu da ilimi a ka, ya ce, "Baba, me ya sa ba ka goge shi ya yi santsi?" Baba bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Ɗan nan, wanda ya san inda zai sara, me zai goge?" Daga baya na fahimci akwai hikima bayan gatsen. Icen da kaifi ya yanka ƙofofin namansa a rufe suke, ruwa na zamewa, dauɗa ba ta kama shi da wuri. Wanda aka gurza kuwa gashi-gashi yake tashi ya sha ruwa. Sannan taɓarya mai fuska-fuska ba ta suɓuce wa hannun da ya yi gumi. Amma ina zaton ko ba don wannan ba, Baba ba zai goge ba. Gogewa a wurinsa aikin mai ɓoye kuskure ne.

Ranar da gwaggona za ta sayi turmin auren 'yarta, na raka ta don in ɗauko taɓarya. Ciniki ne na rabin yini. Ta ƙwanƙwasa da gaɓar yatsa ta kasa kunne. Ta zura hannu har gwiwa ta shafa ƙasan, kada ya yi tsini ya riƙe tsaba, kada kuma ya yi faɗi hatsi ya yi ta tsalle. Ta kife shi ta duba gindi ko da tsaga da aka toshe. Ta sunsuna. Sannan ta taɓe baki ta ce, "Baba, wannan ai na 'yan wasa ne." Shi kuma ya ce, "To ajiye shi, 'yar nan, gobe Fulani na zuwa." Aka yi ta albarka, ta tafi har bakin hanya, ya kira ta, ta dawo. 'Yan sulalla ne duka abin da ake wa wannan dogon zance, amma sule a lokacin kwabo 12 ne, kwabo kuma yana sayen ƙosai ya kawo canji, ɗari ko anini. Ta kwance bakin zane ta ƙirga sule da sisi da taro, saura ta ce sai an sussuka. Ya yarda. Ya ɗora mata muciya gyara, ba ta ce an gode ba sai da ta gwada ta a iska.

Sabon turmi ba a fara masa da abinci. Sai an daka dusa a ciki an zubar, an sake, an shafe bayansa da mai, an ajiye shi a inuwa kada rana ta fasa shi. Daga nan ya shiga aiki, surfe da safe, ribɗi da hantsi, kirɓin fura da rana, dakan yaji da daddawa da yamma. Ranar biki kuwa a jera turame a tsakar gida, 'yan mata uku a kan ɗaya suna lugude, ana cilla taɓarya sama a tafa a cafe. Turmin ƙirya amsawa yake yi daga ƙasa, kana jinsa a tafin ƙafa. Tsohuwa na iya kwance a ɗaki ta gaya maka gidan da ake daka, ta gaya maka wace ce a cikin kishiyoyin, har ta gaya maka ko da fushi take dakan.

Bayan bikin ne ake rigima. An aro turame da kujeru 'yan tsugunno daga gida goma, an tashi mayarwa, biyu sun yi kama, kowace mace ta rantse wannan ne nata. Ba a zuwa wurin mai unguwa. Yaro ake aika ya kira Baba. Ya zo yana jan ƙafa, ya shafa jikin kujerar da tafin hannu, ko dubawa sosai ba ya yi, ya ce, "Wannan hannuna ne, na yi wa uwar gidan nan shekarar da aka yi fara. Wancan kuwa ba nawa ba ne, na mutumin Gadaka ne. Bahago ne, dubi inda saransa ya kwanta." Shi ke nan, shari'a ta ƙare. Kowane masassaƙi da sawun gizagonsa: wani dogon sara yake yi, wani gajere, wani bakin ƙarfensa na da ɗan giɓi da ke barin siririn layi a kowace fuska. Ba wanda ya rubuta sunansa a jikin komai, kuma ba wanda aikinsa ya ɓata.

Akushi ne kaɗai yake yi wa ado. Ya sa ƙarfe a wuta ya yi ja, ya bi jikinsa da shi har ya yi baƙi ƙirin, hayaƙi mai daɗi na tashi, ya bar wasu layuka farare a wuya, sannan a shafe da man gyaɗa. Tuwon dawa a baƙin akushi, an rufe da faifai, mai gida ya dawo daga masallaci bayan lisha ya tarar da shi da zafinsa, miyar kuka ta kwanta, man shanu ya narke a kai. Na ci tuwo a kwano iri-iri tun daga lokacin, har da mai riƙe zafi na 'yan Sin, ba zan yi musu ƙarya ba suna riƙewa. Ƙamshin ne babu.

Abu ɗaya ne tak na ga Baba ya kankare har ya yi sumul, shi ne allo. Nan kam zai zauna da wuƙa da fasasshiyar kwalba ya yi ta bi, ya ɗaga wa rana, ya sake bi, domin alƙalami ba ya son tuntuɓe, tawada kuma ba ta son rami. Ba ya yin ciniki a kansa. Abin da uban yaro ya miƙa shi ke nan, maraya kuwa a ba shi ya tafi. Yakan yi alwala kafin ya fara, ko da yake icen aduwa ne kawai ba a rubuta komai ba tukuna.

To, dashi. Idan la'asar ta yi sanyi, hannu ya gaji da ƙirya, sai Baba ya jingina da tsamiya, ya jawo guntun dashi ko ragowar ɗanya, ya zaro wuƙa. Nan take surutu ke ɗaukewa. Doki zai yi. Ba ya ɗaukar lokacin da ya wuce a ci goro ɗaya. Yanka ɗaya ya fitar da wuya, biyu su ba da ƙirji, ya tsaga tsakanin ƙafafu, ya karkata wuƙar ya ɗauke wani ɓalli a gadon baya, sai ga wurin sirdi. Duk jikin fili-fili ne da kusurwa, babu inda ya zagaye, amma ka ajiye shi a ƙasa ka ja baya, wallahi doki ne, har ka san ko angarma ne ko ƙuru. Wata rana raƙumi, wata rana sa mai tozo irin na Fulanin da ke wucewa da garke zuwa kasuwar shanu ta Potiskum. Wata rana kuma jaki mai sunkuyar da kai, wanda kowa ya gane nasa ne. 'Yan mata yakan yi musu 'yar tsana, sanda ce kawai mai kai da ƙugu, su je su ɗaura mata ƙyalle da tsakiya su goya.

Ba ya sayarwa. Wanda ya wanke masa dutsen wasi, ko ya kai wa jaki ƙaiƙayi, ko ya kwashe ɓarɓashi ya kai cikin gida don hura wuta, shi ke da doki. Mu da muka saba da dokin kara da shanun laka masu karyewa kafin magariba, samun dokin ice sarauta ce. Akan kwana da shi a ƙarƙashin tabarma. Akan yi dambe a kansa.

Sai dai dawakin Baba duka makafi ne. Ba ido, ba baki, ba hanci. 'Yan tsanar ma fuskarsu fili ce. Na taɓa roƙonsa ya sa wa nawa ido, ya ce, "Jikana, ni ice na sani. Ido da rai na Mai Shi ne." Garin malamai ne, kuma kowa ya san abin da aka ce game da mai sassaƙa surar abu mai rai. Liman na unguwarmu yakan biyo ta nan da yamma, ya tsaya ya dafa sanda, ya ce, "Baba, ana ta gumaka?" Baba ya ce, "Allah gafarta Malam, wa zai yi wa jakina sujada? Ko ni da na ciyar da shi ba ya gaishe ni." Malam ya yi dariya har rawani ya motsa, ya zauna, ya kawo mana labarin da ke cikin littafin Abu Dawuda, na kayan wasan Nana A'isha tana ƙarama, waɗanda a cikinsu har da doki mai fukafukai biyu, kuma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya gani ya yi dariya bai hana ba. A nan aka tsaya: na yara ne, a bar musu, amma kada a cika sura. Da zai tashi, sai ya sa hannu ya ɗauki raƙumi ɗaya ya jefa aljihu, wai na autansa.

Da Sallah muke hawa. Manya sun tafi Potiskum kallon Moi Muhammadu, wanda ya yi sarauta tun daga 1922 har 1976, su dawo da labarin lifidi da algaita da yadda ƙura ta rufe rana. Mu da aka bari a gida mu share fili a bayan rumbu, mu jera dawakinmu, a yi musu jalala da tsumman atamfa, linzami da zaren buhu, a naɗa wa mai babban doki sarauta. Wani ya busa karan dawa, wani ya buga gwangwanin madara. A yi jafi, a ɗaga hannu, a kai gaisuwa. Sarkin namu majina ce a hancinsa, amma ba wanda ya isa ya yi dariya.

Kwanan baya jikata, wadda ke karatu a Damaturu, ta zo hutu ta same ni ina wannan zance, ta ce, "Tsoho, kai da labarin ice. Tsaya ka gani." Ta latsa waya ta miƙo mini. Na gyara tabarau, sai ga wani doki ramamme, ƙashin baya a waje, jikinsa fili-fili da kusurwa, sawun wuƙa ko'ina ba a goge ba. Gabana ya faɗi. Ashe a ƙasashen Suwidin da Norwe wannan salo ne mai zaman kansa, manoma ne suka raine shi a dogon sanyinsu lokacin da gona ba ta noma, wuƙa ɗaya, yanka mai faɗi, ba gogewa. Mai dokin sunansa Axel Petersson, ana masa laƙabi da Döderhultarn, an haife shi a 1868 ya rasu a 1925 a garin Oskarshamn. Danginsa sun ɗauke shi malalaci mai ɓata ice. Mutanen ƙauyensu yake sassaƙawa, a wurin gwanjo, a ɗaurin aure, a jana'iza, samari tsirara a layin ɗaukar soja, da shanu da dawakin da wahala ta cinye. A 1909 aka baje aikinsa a babban birnin Suwidin, sunansa ya tashi, yau akwai gidan tarihi sukutum nasa a garinsu. Ta kuma nuna mini jan dokin yankin Dalarna, wanda asalinsa masu saran itace ne ke fere wa 'ya'yansu da dare a bukkokin daji, yanzu ya zama tambarin ƙasar baki ɗaya.

Na daɗe ina kallo. Shi Bature ya sa wa mutanensa ido da baki, har da haƙoran da suka zube, abin da Baba ba zai taɓa yi ba. Amma wuyan dokin nan, yadda yanka ɗaya ya sauko daga kunne zuwa kafaɗa bai tsaya gyara ba, da an kawo shi gindin tsamiya Baba zai shafa ya ce wannan ya san inda zai sara. Jikata ta ce, "To ina naka dokin, mu sa shi a gilashi mu ma?" Na ce ta tambayi uwata in sun haɗu. Wata damina ce aka kwana uku ana ruwa, itace duk ya jiƙe, ga baƙi a zaure. Dashi kuwa ba abin da ya kai shi kama wuta. Na yi kuka, aka ba ni ƙanzo.

Ba rana ɗaya abin ya watse ba. Kwanon sha da langa masu fure suka fara zuwa, amarya ta ga jere ya fi kyau da su, akushi ya koma na tsofaffi. Roba ta biyo baya daga masana'antun Kano, mai araha, ba nauyi, kala-kala. A 1973 aka canza kuɗi, fam ya zama naira biyu, sule ya koma kwabo 10, tsofaffi suka yi ta rikicewa a ciniki. A shekarar kuma fari ya yi tsanani, ya dawo a 1984, manyan itatuwa suka bushe, masu gawayi da masu itacen sayarwa suka bi ta kan saura. Mun tashi muna jin cewa sara da sassaƙa ba ya hana gamji toho, muka ɗauka duk daji haka yake. Ƙiryar da za ta ba da turmi kuwa ta girmi wanda zai sare ta, wani lokaci ta girmi ubansa. Injin niƙa ya zo ya zauna a bakin kasuwa yana tut-tut-tut, kuma ba zan ce mata su koma surfe da asuba don in ji daɗin sauti ba. Na ga tafin hannun uwata, na san abin da taɓarya ta yi masa. Makarantar kowa da kowa ta 1976 ta kwashe yaran gindin tsamiya. 'Ya'yan Baba, da suka ga Potiskum ta cika da manyan motoci, ɗaya ya zama yaron mota har ya kai direban tirela, ɗaya ya shiga dillancin shanu. Sun yi arziki daidai gwargwado, sun kai uban Makka. Ko da aka yanke Jihar Yobe daga Borno a 1991, gizagonsa ya daɗe a rataye.

Har yanzu ana sassaƙa, kada wani ya ce na binne mai rai. Sakwara da yaji da fura ba su yarda da inji ba gaba ɗaya, kuma babu uwar da za ta kai 'yarta ɗaki ba turmi. A kasuwar Potiskum na tsaya wurin wani saurayi da ya jera su, ja-ja-wur, suna walƙiya, an goge da takarda mai yashi an shafe da fenti. Na ƙwanƙwasa ɗaya yadda gwaggona ke yi, na ɗaga, sai ya taso mini a hannu ba nauyi.

"Wannan wane ice ne, ɗana?"

"Darbejiya ce, Baba. Akwai na mangwaro in kana so."

"Ƙirya fa?"

Ya yi dariya. "Sai dai a yi maka oda daga wajen Taraba, kuma kuɗin mota ya fi kuɗin turmin."

Na ce to me ya sa yake shafe su haka, ba ya barin sawun gizago a gani? Ya leƙa bayan rumfa ya jawo wani da bai kai ga gogewa ba. Na shafa. Hannun yaron nan da kyau, saransa dogo ne, a kwance, ba inda ya yi shakka. Na ce shi nake so, haka yadda yake.

"A'a Baba, bari in gama maka shi. In Hajiya ta gan shi haka, cewa za ta yi an cuce ka."

Muka yi ta ja, ina ya bari, yana sai ya goge. Daga ƙarshe ya sallama, har ya rage mini kuɗin fenti. Da na kai gida Hajiya ta zagaya shi sau biyu, ta ƙwanƙwasa, ta tambayi nawa na biya, ta ce an cuce ni.